Jan Layi a Wuyan Ɗan Marka

Duk wanda ya bi hanyar Kura zuwa Bunkure ya san fuskar da nake nufi, ko da bai san ya sani ba. Tana bayan gingimarin tumatir, tana jikin adaidaita sahu, tana kan buhunan takin da ake jibgewa a bakin shaguna: wani ƙato mai faɗin ƙirji ya saɓa garma a kafaɗa, hadari yana bin sa a baya, kunnensa na hagu a tsage. Ɗan Marka ake ce masa. Wannan tsagaggen kunne nawa ne, a fagen kokawa na samo shi, yana nan har yau a ƙarƙashin hulata. Ƙirjin ne dai ya tafi ya bar ni da tari. Ba don kaina nake wannan magana ba, ni na ci zamanina, abin da ya rage mini bai wuce goro da rediyo ba. Don wanda ya zana shi nake yi, taubashina Ɗan Liman, wanda ya ƙare rayuwarsa cikin tsoron abin da hannunsa ya yi, alhali waɗansu suna ta ci da shi hankali kwance. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Kafin ruwa ya zo, rani a garinmu shiru ne. Da an kai dawa rumbu sai maza su watse cin rani, gari ya koma na tsofaffi da mata da awaki. Abin da kunne zai jiyo bai wuce luguden mata da hantsi ba, da ƙarar guga yana dukan bakin rijiya, da kukan jigo can a fadama inda 'yan tsiraru ke noman albasa. Mu samarin da muka ƙi tafiya kokawa ce ta riƙe mu, da rana mu yi jinka da danni, da yamma mu bi ganga ƙauye-ƙauye. Kakarmu takan ce ƙasa ma baiwar Allah ce, tana son barcinta, wanda ya hana ta barci shi ma ba zai runtsa ba. Mun ɗauka maganar tsufa ce. Sai ga katafila ta zo tana ture kuka da gawo, aka ja layi a gonakin kakanni, aka ce za a kawo ruwa daga dam a yi noma rani da damina. Na shiga leburanci tare da sa'o'ina, mu haƙa, mu kwaɓa siminti, mu daɓe. Ranar da aka sako ruwan farko ban manta da ita ba. Kafin mu gan shi mun ji shi, wani irin shuu kamar maciji a cikin karmami, yana turo busassun ganye a gabansa, jama'a suna bin sa a guje. Ba a jima ba kwaɗi suka fara kuka a tsakiyar rani, tsofaffi suna ta salati. Yau in ka tsaya a wurin ba za ka ji ruwa ba, injin ban-ruwa ya cika kunne, kanal ɗin da ke kawo ruwan kuwa ya cushe da ciyawar kacalla da ledoji.

Ɗan Liman ɗan kawuna ne, wan mahaifiyata, wanda shi ne limamin garinmu. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawa yake ce mini, ko da yake da hannu ɗaya zan iya ɗaga shi in ɗora a kan danga. Siriri ne kamar sillen kara, ga dogayen yatsu, ga shiru-shiru, sai fa in ya samu wanda zai tsokana. Ya sauke tun da wuri, amma zayyana ce ta fitar da shi. Duk mai sauka daga nan har Garun Malam yana son allon da Ɗan Liman ya yi wa ado. Kawu yana alfahari a ɓoye, yana jiran ranar da ɗansa zai zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka. Wannan kyan hannu ne ya sa masu aikin ruwa suka ɗauke shi yana rubuta musu lambobi a jikin ƙofofin ruwa, har yana shiga barikinsu na Kadawa. A can, a juji bayan gidajen injiniyoyin ƙasar waje, ya tsinto waɗansu yagaggun shafuka na littattafan 'ya'yansu. Ya same ni ina wanke shebur a bakin kanal, ya baje su a kan cinyarsa.

"Kai bawa, zo ka ga ikon Allah. Mutum yana tashi sama ba fiffike."

Na leƙa, na ce, "Wannan ai ba shi da kunya. Dubi kayan jikinsa, sai ka ce a ciki aka haife shi."

"Bar ta kayansa. Dubi yadda aka yanka takardar ɗaki-ɗaki. A wannan ɗakin ya ɗaga hannu, a wannan kuma mugun yana ƙasa. Tsakaninsu ba a zana komai ba. Amma ka ga saukar naushin ko ba ka gani ba?"

"Na gani."

"To, wannan nake so in iya."

Mu biyun ba mai jin Turanci, ba mu san abin da mutanen cikin takardar ke cewa ba. Abin da ya lura da shi shi ne jarumin nasu dogayen benaye yake tarewa kada su faɗo, mu kuwa ba mu da bene ko ɗaya. Abin da ke faɗo mana daban ne. Garinmu a wutsiyar ruwa yake, can ƙarshen reshe, kuma tun ba a je ko'ina ba masu gonakin sama suka koyi jera buhunan yashi a kanal su tare ruwa, su sha su ƙoshi, mu a bar mu da laka. Sai ya ce zai yi jarumin 'yan wutsiya, wanda aka haifa a tsakiyar marka, duk inda ya kafa garma ruwa ya ɓulɓulo. Jiki kuwa ba sai an je nema ba, ga bawa a gida. Haka ya riƙa tsayar da ni a gindin tsamiya, garma a sama, har hannuwana su fara rawa. In na motsa ya ce, "Tsaya mana, sa ma yana tsayawa a ɗaura masa garma." Takardarsa buhun siminti ce, wanda muke yarwa a wurin aiki. Yakan farke shi ya ciro fallen ciki, ya kakkaɓe, ya goge da dutsen guga. Tawadar allo ce baƙinsa, bula ce ruwansa da samansa, gangamau ce ranarsa, jan kuwa na zayyana ne. Har yau in na ji kaza tana tono a kan busasshiyar tabarma sai in tuna ƙarar alƙalaminsa a kan takardar nan.

Ran nan kawu ya dawo daga la'asar ya tarar da takardun an shanya su a zaure, an danne da duwatsu. Ina wurin, na rasa inda zan sa kaina. Ya tsaya ya daɗe yana dubawa, daga wannan ɗaki zuwa wancan, kuma na rantse na ga gemunsa ya motsa kamar mai danne murmushi.

"Wannan bawan Allah wane ne?"

"Ba kowa ba ne, Baba. Zane ne kawai."

"Ba kowa ba ne, ga kunnen ɗan ƙanwata?" Ya zauna a kan buzunsa, fuskarsa ta canza. "Ka san abin da malamai suka ce game da mai yin surar abu mai rai. Gobe kiyama za a ce ya hura mata rai, kuma ba zai iya ba."

Ɗan Liman ya sunkuyar da kai. Na ɗauka wuta za a kawo. Amma kawu ba mai gaggawa ba ne, kuma ya san ɗansa, ya san in ya ƙona waɗannan gobe za a yi waɗansu a bayan gari. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki alƙalami, ya tsoma a jan tawada, ya ja siririn layi a wuyan Ɗan Marka daga wannan gefe zuwa wancan. Ban san lokacin da na shafa nawa wuyan ba.

"Abin da aka raba kansa da gangar jikinsa ba mai rai ba ne," in ji shi. "Iyakar abin da na samu ke nan a wurin malamaina, Allah shi ne masani. In ba za ka bari ba, to kada sura ta fita daga hannunka ba ka yanka ta ba. Ka yi mini alkawari."

"Na yi, Baba."

Ya kuwa riƙe. Daga ranar, ko ƙadangare ya zana sai ya ja masa layi.

Ranar kasuwa ake fitar da sabon labari. Yakan liƙa takardun a jikin wani bango da ƙullun rogo, kafin ya gama liƙa ta ƙarshe wuri ya cika. Rubutu kaɗan ne, da ajami, don ya ce in zane yana bukatar dogon bayani to bai zanu ba. Fulani masu tallan nono su sauke ƙwarya su tsaya, Maguzawan da suka kawo itace su tsaya, mahauta su bar nama ga ƙuda. Ba wanda ke karanta wa wani, kowa da idonsa yake ji. Ga Alhaji Toshe, mugun labarin, da tumbinsa da buhunan yashinsa. Ga rundunar tsuntsayen jan-baki ta taso za ta cinye alkama, Ɗan Marka ya buɗe babbar riga ya kwashe su tas. Ya iya wani abu da ban taɓa gani ba kafin shi: sai ya zana dunƙulen hannu ya fi kai girma, ka ga kamar naushin zai fito daga bango ya same ka, har tsofaffi suna kaucewa. Mutane su yi ta gardama a kan abin da zai faru mako mai zuwa, har a bakin masallaci. Ni kuwa na zama abin kallo, 'yan mata suna nuna kunnena suna rufe baki. Yanzu yara suna da hotuna a aljihu sun fi gashin kansu yawa, su shafa wannan su wuce, su shafa wancan su wuce, ba wanda ya kwana da ko ɗaya a ransa. Mu bango ɗaya gare mu, kuma muna jiran sa mako guda cur.

Kada a ɗauka abin dariya ne kawai. Akwai ranin da alkamarmu ta fara yin ja saboda ƙishirwa, mun kai kuka har mun gaji. A makon ne Ɗan Liman ya fitar da labarin da aka ɗaure Ɗan Marka da sarƙa, ya kasa zuwa, sai mutanen wutsiya suka ɗauki garemaninsu da kansu. Washegari da hantsi wani dattijo ya ce, "To, yau mu ma Ɗan Marka za mu yi." Muka bi bakin kanal a jere, rana tsaka, ba ɓoye-ɓoye, muna kwashe buhunan yashi muna ajiye wa kowa nasa a bakin gonarsa. Ba a zubar da jinin kowa ba. Dole dagatai suka zauna aka raba ruwa kwana-kwana, alkamarmu ta farfaɗo. Bayan wannan ne mai buɗe ruwa na reshenmu ya ba shi bangon ɗakinsa, wanda aka yi wa sabon shafen siminti, ya ce ya zana abin da ya ga dama. Ya jingina ni da bangon, ya bi jikina da gawayi, don haka Ɗan Markan wurin tsawona ne daidai. Da ya zo wuya bai yarda da fenti kaɗai ba. Ya ɗauki ƙusa ya tsaga simintin tun yana ɗanye, ya zurfafa, sannan ya cika tsagin da ja. Ya ce, "Ruwan sama zai iya wanke layin, kai ya koma ya haɗe ban sani ba. Wannan kuwa ko bayan raina." A ƙarƙashin ƙafar hagu ya rubuta sunansa da ajami, ɗan ƙarami. Shi ne wuri ɗaya tak a duniya da ya taɓa sa suna.

Daga nan abu ya yi gaba. Wani mai ɗab'i ya zo daga birni da daɗin baki ya kwashi labaran, aka buga su ƙananan littattafai da boko, 'yan makaranta suna ɓoye su a cikin littafin lissafi. Sunan mai ɗab'in yana gaba da manyan baƙaƙe, na Ɗan Liman ba ya ko'ina, wai bangon littafin ya yi kaɗan. Ba maganar kuɗi nake yi ba, kada a ce tsoho ya zo da ƙorafi, maganar suna nake yi. Masu gingimari suka riƙa layi a ƙofar gidansa, kowa yana son Ɗan Marka a bayan motarsa ya raka tumatir kudu. Samari suka zo koyon aiki daga Bunkure, daga Dawakin Kudu, daga inda ban ma sani ba. Suka kwashi ƙaton dunƙulen hannun, suka kwashi hadarin baya, suka kwashi jan layin, ba wanda ya tambayi dalilinsa. Su a ganinsu igiyar laya ce. Akwai lokacin da in ka shiga shagon aski a ƙasar nan, duk kawunan da ke jikin allo da jan layi a wuya, har zakaran da ke allon mai sayar da kaji bai tsira ba. Almajiran almajiransa sun yi ta ja, ba su taɓa jin sunan kawu ba.

Sannan zamani ya juya masa baya ta fuska biyu. Na farko inji ne. Aka zo da na'urar da ke buga hoto a kan leda cikin ƙiftawar ido, masu buroshi suka koma acaba da leburanci. Yaran da ke zaune gaban kwamfuta suka kwafi Ɗan Marka daga bayan wata tsohuwar mota, suka ga jan layi suka ɗauka datti ne, suka goge. Na biyu kuwa ya fi ciwo. Da kawu ya rasu, kowa ya san ba wanda ya kai ɗansa ilimi a garin. Amma waɗansu samari da suka dawo daga karatu suka ce mai zanen mutum-mutumi ba zai ja su salla ba, jan layin nan wayo ne, ba ya hana komai. Aka ba wani limanci. Ɗan Liman ya tsufa da sunan Ɗan Liman, yana salla a sahun baya. Ni ba malami ba ne, ban isa in ce ga daidai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne na san su ɗaya bayan ɗaya, na san wanda aka ɗora a wuya ranar kasuwa don ya hango bango. Yau su ne ke tsayawa a ɗauke su hoto da waya a wurin ɗaurin aure, suna gyara hula. Fastocin 'yan takara sun rufe gari har katangar masallaci, kowane wuya a haɗe, ban ji wanda ya yi tari ba.

Ya ajiye buroshi, ya koma zayyana, daga baya yanar ido ta rufe masa gani, ita ma zayyanar ta gagara. Kullum da hantsi nakan je mu zauna a zauren kawu, in ba shi labarin gari, ya ba ni haushi. Wata rana aka shigo da buhun taki za a kai gona, ya ji masu ɗauka suna cewa mai Ɗan Marka ne, ya fi kyau. Ya ce a kawo masa. Ya bi buhun da yatsunsa, leda ce sumul, ba abin da zai ji.

"Bawa, faɗa min gaskiya. Shi ne?"

"Shi ne. Har kunnen."

"Wuyan fa?"

Na duba, a haɗe yake, ba layi. Na ce, "Ai ba kai ka buga ba. Masu kamfani ne, su za a tambaya."

"Wa ya haife shi? In an tara su gobe, na buhu da na mota da na waya, aka ce wa ya fara, wa zan nuna? Kai?" Ya ture buhun. "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Tun daga ranar abinci ya daina shiga. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya aika aka tambayo masa wani tsohon malami abokin kawu, malamin ya ce ya yi ta istigfari, ya shafe abin da hannunsa zai iya kaiwa, Allah mai gafara ne. To me ya rage da hannu zai kai? Takardun siminti masu tsire sun naɗe nama da su tun tuni, sauran gara ta ci. Motocin katako sun ruɓe. Bangon mai buɗe ruwa kaɗai ya rage, ya koɗe amma yana nan. Shi ya ce in kai shi mu shafe.

"Wancan ai yankakke ne," na ce, "da ƙusa ma ka yanka shi."

"Sun ce yankan ba ya hana komai."

"Yanzu maganar yaran nan ta fi ta kawu a wurinka?"

"Baba da bakinsa cewa ya yi Allah ne masani. Ni kuwa na kusa zuwa inda za a sani."

"Sunanka yana wurin. Shi kaɗai ne. In aka shafe, shi ke nan, Ɗan Marka ya zama na masu buhu."

"Su riƙe. Ni tsoro nake ji, ɗan'uwana."

Tunda muke bai taɓa ce mini ɗan'uwana ba. Na so in ƙi, kuma ba don shi kaɗai ba. A zamaninmu ba a ɗauke ni hoto ba ko sau ɗaya, bangon nan shi ne inda nake zuwa in ga kaina da ƙarfina. In na bi ta wurin a kan keke har sallama nake yi masa a zuciya. Amma na dubi mutumin da ke gabana, na ga yadda tsoro ya cinye shi. Sai ya yi ƙoƙarin wasa, ya ce bawa ba ya musu da ubangidansa. Muryar dai ba ta wasa ba ce.

Da safe muka tafi, ya dafa kafaɗata, ni ina riƙe da bokitin farar ƙasa da tsohuwar fartanya. Na zaunar da shi a bakin kanal, na fara kankara daga ƙasa. Sunan na fara cirewa, don na san in na bar shi ƙarshe ba zan iya ba. Yana jin ƙarar ƙarfe a kan siminti, jim kaɗan sai ya tambaya ina na kai. In ce gwiwa. In ce ƙirji. In ce garmar. Da na zo fuska sai da na huta, na yi kamar tari ne ya tsayar da ni. Na kankare idanuwan, na kankare kunnen. Da na gama ya taso ya bi bangon da tafukansa, sama da ƙasa, kamar mai neman ƙofa. Yatsansa ya faɗa cikin tsagin ƙusar, ya bi shi daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wannan ba zai fita ba," na ce, "sai an fasa bangon."

"Bar shi. In an tambaye ni, in ce ga alkawarin Baba, ban saɓa ba."

Na bi bangon duka da farar ƙasa. Muna nan sai ga manoma suna wucewa a kan babura, jikokin waɗanda muka kwashe buhunan yashi tare. Ɗaya ya rage gudu ya ce, "Sannu da aiki, Baba, an kyauta, ɗakin ya yi fes." Ba wanda ya tambayi abin da aka shafe. Shi kuwa Ɗan Liman ya ci tuwo a ranar, har da ƙari. Bai kai yankan alkama ba ya rasu. An taru a jana'izarsa ba laifi, kowa yana cewa mutumin kirki ne, gwanin zayyana. Ɗan Marka kuwa ba wanda ya ambata, alhali motar da ta kawo 'yan gaisuwa daga birni da shi a bayanta.

Da damina ta yi nisa jikata ta zo hutu daga makarantar birni. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Angona, bari in nuna maka wani abu, ka rage zaman shiru." Ta danna waya, sai ga Ɗan Marka yana motsi, yana tashi sama, garmarsa tana aman wuta, yana magana rabi Hausa rabi Turanci. Ta ce waɗansu matasa ne suka yi, kuma sun ce tsohon labarin gargajiya ne, ba shi da mai shi. Na cire hula na juya mata kunnena. Ta yi dariya ta ce ni dai da son girma. Da ta ga ban yi dariya ba sai ta ajiye wayar, na ba ta labarin nan duka kamar yadda na ba ku. Yarinyar tana da zuciya, idonta ya kawo ruwa.

"Kaka, wallahi wannan zalunci ne. In da hujja ni zan sa a waya duniya ta gani. Ba inda ya sa hannu? Ko wuri ɗaya?"

Na san abin da za mu tarar, amma na ɗauki sandata muka tafi. Ruwan sama ya daki bangon, farar ƙasar ta yi dishi-dishi, ba ƙirji, ba garma, ba suna. Tsagin ƙusar kaɗai ya fito, da jansa a ciki. Ta ɗaga waya, ta duba, ta sauke.

"Kaka, wannan ai layi ne kawai. Ba wanda zai gane."

Na ce mata haka ne, ta yi gaba ina zuwa. Na matsa na jingina da bangon kamar yadda ya tsayar da ni a wancan ranin. A da daidai wuyana layin yake. Yanzu sai da na ɗaga hannu sama sannan na taɓa shi.